Ƙasar Gumel Ba Ta da Gangara

Direbobin Jos suna da gatan da mu ba mu da shi. In dare ya yi, mai tsohuwar mota sai ya nemi gangara, ya juya hancin motar ƙasa, yaro ya sa weji, kowa ya je ya kwanta. Da asuba a zare wejin, mota ta gangaro, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, inji ya kama. Mu kuwa, tun daga Gagarawa har Maigatari, daga Gumel har ƙauyukan Sule Tankarkar, ƙasa shimfiɗe take. Ɗan tudun da za ka samu ma jigawa ce, rairayi zalla, taya na hawa sai ta nutse. Don haka motar da ta ƙi tashi a nan, sai dai mutane su tashe ta, ko da ƙarfi ko da dabara, kuma kowane zamanin mota da irin dabarar da ya koya wa mutanensa.

Na shiga harkar mota a ƙarshen shekarun 1970, ina yaron mota a hannun kawuna. Daga baya na riƙe sitiyari da kaina, yanzu da ƙarfi ya ja baya ina zaune ina sayar da baƙin mai da filta. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, sanyinmu bai isa ya hana lafiyayyen inji tashi ba. A Disamba da Janairu, in jaura ta kaɗa da asuba, ma'auni kan sauka zuwa digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Mu da muka saba da rana, wannan ɗari ne mai sa mutum ya rasa inda zai sa hannunsa. Amma ruwan lagireto ba ya daskarewa a nan, man gas ba ya yin kauri ya toshe bututu kamar yadda yake yi a ƙasashen ƙanƙara inda aka ƙera motocin. Ɗari tona asiri kawai yake yi. Duk abin da ƙura ta ci a cikin inji, duk gyaran da mai mota ya ce a bari sai wani watan, duk batirin da aka yi ta lallaɓawa, a asubar hunturu suke fitowa fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin mota, kayan wannan yanki a bayan raƙumi da jaki da takarkari suke tafiya. Kanwa da gishirin Mangari suna saukowa daga arewa, hatsi da tufafi suna hawa. Ita kanta masarautar Gumel daga can ta taso: a Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, hedkwatarta take kafin a dawo da ita Gumel a 1845. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Daga nan Gagarawa ta samu tasha, gyaɗar ƙasar Gumel ta samu ƙofar fita. Aikin babbar mota na farko a nan shi ne cike tazarar da ke tsakanin sikelin ƙauye da bakin dogo, ko ta wuce da buhuna kai tsaye Kano inda ake jera dalar gyaɗa.

To, yaushe ake cinikin gyaɗa? Bayan kaka. Ana buɗe kasuwa wajen Nuwamba, a yi ta jigila har Fabrairu. Wato tun ranar da mota ta shigo ƙasar nan, lokacin da aka fi bukatarta ya faɗo daidai da lokacin da ta fi ƙin tashi. Gyaɗa ta tafi, amma riɗi da zoɓo da wake sun gaji wannan jadawalin, har yau ba a canza ba.

Motocin wancan zamani na fetur ne, yawancinsu 'yan Ingila: Bedford, Austin, Commer. Daga 1959 aka riƙa haɗa Bedford a Apapa a kamfanin da ke ƙarƙashin UAC, bodin katako kuma kafintocin gida ke yi. Ni na tarar da ragowarsu suna zirga-zirgar cin kasuwannin ƙauye, labarin ƙuruciyarsu kuwa a bakin tsofaffin direbobi na ji. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya riga ya sa wa Cadillac kik na lantarki tun 1912, amma masu ƙera motocin Ingila sun daɗe suna barin wata 'yar kafa a hancin mota, inda ake zura lanƙwasasshen ƙarfe a murɗa inji da hannu. A birni wannan ƙarfe na ko-ta-kwana ne. A ƙauyen da ba mai cajin batir, shi ne kik ɗin. Darasin farko da ake koya wa yaron mota shi ne kada ya zagaye ƙarfen da babban yatsa, ya haɗa yatsunsa biyar gefe guda, ya ja sama, kada ya danna ƙasa. In inji ya yi tutsu ya juyo da baya, ƙarfen ya kuɓuce maimakon ya karya wuyan hannu. Akwai wani dattijo a tashar Gumel da hannunsa na dama ya warke a karkace, a kansa ake yi mana misali, shi kuma yana dariya yana ɗaga hannun.

Ciwon injin fetur a sanyi daban ne. Fetur sai ya zama tururi yake kamawa, in kafireto ya yi sanyi kuwa sai ya kwanta a jikin ƙarfe yana ruwa. Shi ya sa ake jan cok, a rage iska a ƙara mai. Mai garaje ya yi ta taka totur har fulogi su jiƙe, shi ke nan ya ƙara wa kansa aiki. Sai a kwance fulogin a jera su kusa da garwashin mai shayi su bushe su ɗauki ɗumi, a goge kwantak da gefen kwalin ashana, a mai da su da zafinsu a murɗa. Aiki ne na haƙuri, amma kowane yanki nasa ana iya ganinsa da ido, a taɓa da hannu.

Cikin 'yan shekaru komai ya juya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, aka fara neman motoci masu sitiyari a hagu. Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar da ta naɗe ganyen gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta kafa wuraren haɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu. Lodin da ya rage mana mai tsoka shi ne dabbobi, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta zama cibiya, shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Dungas da Magarya da Damagaram, ana loda su zuwa Kudu. Tafiyar Legas ko Anaca ba ta injin fetur ba ce. Nan Marsandi 911 mai gajeren hanci ta karɓi hanya, irinta kawuna yake ja.

Ba a gane halin wannan mota da safe sai an san yadda injin gas yake kunna kansa. Ba shi da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska, ya mai da ita kashi ɗaya cikin sha shida ko sha bakwai na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Injin da ake sa wa 911 tun daga 1964, mai silinda shida da lita 5.7, kai tsaye yake fesa mai a kan fistin, kuma in yana da lafiya murɗa ɗaya ya ishe shi ko a Janairu. Amma abu uku ne suke riƙe da wannan zafi: ringi su kama jikin silinda sosai don kada iska ta zurare, inji ya juya da sauri don kada zafin ya tsere cikin ƙarfe, mai kuma ya iso a kan lokaci ba tare da iska a bututu ba. Ƙurar hanyoyinmu tana cin ringi a hankali, musamman in filtar iska ta yage ko an daina zuba mai a kaskonta. A bazara, ƙarfe na da ɗumi, baƙin mai na da laushi, injin da ya gaji yakan tashi, mai shi ya ɗauka lafiya lau. A ɗari ƙarfe ya yi sanyi yana shanye zafin, baƙin mai lamba 40 ya yi nauyi yana riƙe inji, batir ya rage ƙarfi. Kowanne kaɗan ya rage, amma in suka haɗu sai inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa.

Kawu ba ya buɗe bonet da farko. Kunne yake kasawa, ni kuma ya tura ni baya.

"Kai, je ka tsaya wajen salansa. Me ka gani?"

"Kawu, hayaƙi fari ne, yana warin ɗanyen mai."

"To mai yana zuwa. Zafi ne babu. Ɗauko tsumma."

In na ce ba hayaƙi ko kaɗan, ya san mai ne bai iso ba. Sai a sassauta ƙusar kan filta, in yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito tas, a ɗaure. Wani lokaci sai an sassauta bututun nozul biyu an murɗa har su yi feshi. In kuwa aka murɗa makulli aka ji "ƙas" sau ɗaya aka yi shiru, ko inji ya juya da nishi kamar mai ciwon baya, ba ruwan mai a ciki: kan batir ne ya yi farin gari, ko wayar da ke kama jikin shasi ta saki, ko batirin ne ya gama. A zuba ruwan zafi a kan batir ɗin, a kankare, a ɗaure tam. Ban san iyakar motocin da aka kira wa mai wayarin, aka kwance musu kik, alhali ƙusa ɗaya ce ta saki ba. Wannan tsari na kawu, a ji sauti, a dubi hayaƙi, sannan a taɓa sifana, har yau ban ga wanda ya fi shi ba.

Tsumman da ya ce a ɗauko, wuta ake kunna masa. A cire murfin filtar iska, a naɗe tsumma a kan waya mai kauri, a tsoma a man gas, a cinna, a riƙe a bakin bututun iska yayin da direba ke murɗawa. Inji ya zuƙi harshen wutar, iskar ta shiga da zafinta, sai ka ji silinda ɗaya ta amsa, ta biyu ta bi, motar ta girgiza ta turnuƙe tasha da hayaƙi. Dabara ce mai kan gado, don masu ƙera motoci ma abin da suka yi ke nan, sun sa wa wasu injuna 'yar na'ura mai kunna wuta a bututun iska. Sai dai a riƙe wayar da kyau, in inji ya haɗiye tsumman an shiga uku. Wasu kuma garwashi suke turawa a kasko ƙarƙashin inji don baƙin mai ya saki. Yana aiki, amma ƙarƙashin tsohuwar mota duk maiƙo ne, bodi kuma katako, ga kara da ciyawar da aka shimfiɗa wa shanu. Kawu ya fi yarda da ruwan zafi: a karɓo tukunya biyu wurin mai shayi, a juye ruwan lagireto a zuba mai zafi, a ɗan jira.

Abin da ba na so shi ne wanda ya zo daga baya, tsumman fetur da maganin sauro na feshi. Ana fesawa mota na tashi, wannan gaskiya ne. Amma suna kamawa tun fistin bai kai sama ba, su buge shi yana tahowa, ka ji inji na ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ringin da ya riga ya gaji sai ya tsage. Direbobi kan ce mota ta saba da feshi, ba ta tashi sai da shi. Ba sabo ba ne, kowane feshi yana ƙara rage matsin da ya rage mata ne.

In duk wannan ya gagara, sai turi. Babu kowa a tasha da ya fi ƙarfin turi: 'yan kamasho, 'yan dako, fasinja, har mai shayi yakan ajiye ludayi. A kan kwalta mutum goma sha wani abu sukan iya da 911 in ba ta da lodi. A rairayin kasuwar ƙauye kuwa sai an shimfiɗa kara da itace a gaban tayoyi, ko a jira wata motar ta zo ta ja da sarƙa. Kyawun injin gas na da shi ne, in ya tashi ba ya bukatar lantarki, kashe shi ma da waya ake yi, a ja a datse mai. Saboda haka batir ɗaya mai kyau yakan tada mota uku a jere, ana cirewa ana kai wa na gaba. Ladar wannan ba kuɗi ba ne a lokacin. Gobe kai ma za ka nema.

Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wadda duk tsohon direba ya sani: kada a kashe motar sam. A kwana tana aiki a hankali, yaron mota ya kwanta a gidan gaba yana jin ɗumi. A 1982 litar fetur kwabo 20 ce, man gas ma bai kai a tsaya lissafinsa ba. Wa zai damu da abin da inji ya sha cikin dare? Daren Laraba a Maigatari, kafin wayewar kasuwa, ƙarar injuna ce ke raka mutum barci. Wannan al'ada tsada ce ta kashe ta, a hankali da farko, sannan gaba ɗaya a 2022, lokacin da litar gas ta tashi daga wajen naira 300 a farkon shekara ta haura 800 a ƙarshenta. Yau direban da ya bar mota ta kwana a kunne, da safe sai ya yi wa mai mota bayani.

A ganina 1986 ce shekarar da motocinmu suka fara tsufa da gaske. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, wuraren haɗa motoci suka fara tangaɗi. Sabon fistin da ringi na kamfani suka fi ƙarfin mai mota ɗaya. Aka koma Ƙofar Ruwa a Kano ana neman na hannu, ana sa ringi sabo a silindar da ta riga ta buɗe. Lokacin da kananzir yake da rahusa, wasu suka riƙa gauraya shi da gas, shi kuwa ba shi da santsin da injekta ke bukata, yana cinye ta daga ciki. Man 'yan bumburutu na jarka da duro yana zuwa da ruwa da ƙasa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, Maigatari tana ciki, sai jarka ta zama ita ce gidan mai. A watannin nan filta ta yi kasuwa a wurina, ba na musu, amma ba irin cinikin da mutum ke murna da shi ba ne.

Batir kuwa, ana zagin ɗari a kansa ne a banza. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, shi ke ƙafar da ruwansa ya cinye farantan cikinsa. Wanda bai duba ruwan batir a bazara ba, ko ya cika shi da ruwan rijiya mai kanwa, a Disamba zai karɓi sakamako. Haka kuma makanikanmu suna da wata ɗabi'a da na daɗe ina faɗa da ita: duk motar da ta shigo hannunsu sai sun cire 'yar na'urar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi, wai ta ƙasar sanyi ce. Ba tare da ita ba, a safiyar hunturu mota takan yi tafiya mai nisa inji bai kai zafin aikinsa ba, mai bai ƙone sosai ba, yana wanke jikin silinda. Hita ma, in ta mutu, ba mai sake ta. An sayo mota daga ƙasar da ake ƙanƙara, da duk kayan tashi a sanyi a jikinta, mun bi mun cire su ɗaya bayan ɗaya, sannan muna riƙe da tsumma da ashana.

Tirelolin DAF da MAN na hannu da suka karɓi jigilar shanu sun zo da sabuwar matsala. Batir biyu suke ɗauka, bolt 24, ga shi birkinsu na iska ne mai kulle kansa: in tankin iska ya zube cikin dare, tayoyin baya sun kame, ko mutum ɗari ne ba za su gusa da ita ba. Sai an jawo iska da tiyo daga wata motar kafin a ja ta. Ka tuna kuma abin da ke bayanta. In an loda shanu da yammacin Alhamis aka ce a tashi da asubar Juma'a, kowace sa'a da aka ɓata a tsaye, dabba ce ke ƙara galabaita tun ba a fara doguwar tafiya ba. Dillali na kai da kawo, mai shanu na kiran direba a waya yana "Malam, lafiya dai?", alhali yana tsaye yana kallonsa daga nesa. A nan ne aron batir ya tashi daga zumunci ya koma sana'a. Yanzu akwai samari da ke yawo da batura biyu a baro da wayoyi masu kauri, a yi ciniki kafin su jona.

Ban taɓa ganin sun yi kasuwa kamar bayan rufe iyaka ba. An rufe a Agustan 2019, motoci da yawa suka zauna wata da watanni, aka buɗe Maigatari ranar 16 ga Disamba 2020, tsakiyar ɗari. Motar da ta daɗe a ajiye batirinta ya mutu murus, mai ya koma tanki ya bar iska a bututu, ƙura ta cika ko'ina. Rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ta fi sauƙi ta wannan fuska, don a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren, zafi ya riga ya fara shigowa.

Sababbin motocin da ke shigowa yanzu, na China da na Turai masu kwamfuta, ba sa karɓar ko ɗaya daga cikin dabarun nan. Nozul ɗinsu da lantarki yake buɗewa, in batir ya yi ƙasa ko an ja motar ba za ta fesa mai ba. Ka kai wuta bakin bututun iska, ka narkar da na'urar da ke auna iskar. Ka cire batir tana aiki don ka ba wani, ka ƙona abin da kuɗinsa ya fi na batir goma. In irin wannan ta ƙi tashi a Maigatari, sai a buga waya Kano, a jira wani yaro ya hau motar haya ta Gujungu da kwamfutarsa a jaka, kuɗin motarsa zuwa da komawa kuma a wuyan mai mota.